Amanar Alƙalami: Daga Gafakar Malaman Salaga Zuwa Mujallun Jami'a

Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja, su ratsa Sansanne Mango, su bi ta ƙasar Cakosawa inda Chereponi take, su yada zango a Yendi kafin su sauka Salaga, ba kanwa da tufafi kaɗai suke ɗauke da su ba. Kusan kowane ayari yana da malaminsa, malamin kuma yana rataye da gafaka cike da littattafai. Babu maɗaba'a a lokacin, babu edita, amma rubutu yana da ƙa'idar da malami ba ya kuskura ya take.

Wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan tsofaffin takardu ya san yadda suke ƙarewa. A shafin ƙarshe layuka sukan riƙa tsukewa, mai kwafa ya ambaci sunan mawallafi, ya faɗi nasa, sau da yawa ya ƙara da na mai littafin, sannan ya roƙi gafara da addu'ar mai karatu. In an gano kuskure, a gefen shafi ake rubuta gyara, kowa yana gani. Ɗalibi kuwa ba ya zama ya karantar da Tafsirin Jalalaini ko Muwaɗɗa ko Ashafa sai malaminsa ya ba shi ijaza, da silsilar malamai ɗaya bayan ɗaya. Da wannan ake gane inda magana ta fito da wanda za a tuhuma in ta karkace.

Da Turawa suka zo da mujallunsu, sai lissafi ya sauya. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya kuma zauna a Salaga, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya sa ya koma Kete-Krachi, can ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. A garin ya haɗu da Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus, ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami a kan tarihi da sana'o'i da al'adun Hausawa. Daga 1907 wasu daga cikinsu suka fara fitowa a mujallar cibiyar nazarin harsunan Gabas ta Balin. Ilimin na Alhaji Umaru ne, amma maƙalar da sunan Mischlich ta shiga kundin ɗakunan karatu. Haka littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da ya fito a 1913: Malam Shaihu ne ya rubuta shi da hannunsa, amma duniya ta fi saninsa da sunan Rattray, Baturen da ya fassara shi. Aikin fassara da adanawa da waɗannan Turawa suka yi abin godiya ne. Sai dai al'adar zamaninsu ta ɗauki malamin gida a matsayin mai ba da labari, ko da shi ne mai alƙalamin.

Gyara ya zo a hankali. Bayan kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1961, Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, tare da Alhaji Usman Boyo da ya yi ta zaga zangunan arewacin Ghana, suka bi wata hanya: a aro littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta inda aka samo shi, a mayar masa da kayansa. A 1973 Douglas Ferguson ya sa sunan Imam Imoru, wato Alhaji Umaru, a kan taken kundin digirinsa na uku a Amurka. A 2000 Stanislaw Pilaszewicz, masani ɗan ƙasar Folan, ya fitar da rubuce-rubucen ajamin da sunan Alhaji Umaru a bango. Shekara 66 ke nan bayan rasuwarsa.

Yau alƙalamin ya dawo hannunmu. Tun da aka kafa jami'ar UDS a Tamale a 1992, 'ya'yan Bawku da Yendi da Chereponi su ne ke bincike, su ne ke rubuta maƙalu. Jarrabawarsu kuma ba ƙarama ba ce, domin ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan yawan abin da mutum ya buga. Nan ɓarna take shigowa: mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga maƙala ba tare da masana sun tantance ta ba, ɗibar rubutun wani ba ambato, cusa sunan babba a aikin da bai sa wa hannu ba, da barin sunan ɗalibin da ya sha rana a ƙauyuka yana tattara bayanai. Cutar ta game duniya. An kafa kwamitin COPE a Ingila a 1997 don kula da ladubban buga bincike, amma duk da haka a 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000.

Abin da dokokin zamani ke nema, malaman Salaga sun riga sun yi shi da tawada da alƙalamin kara: faɗi tushenka, bari wanda ya fi ka sani ya duba, gyara kuskurenka a fili. Abin da ya ƙarfafa su shi ne sun ɗauki ilimi amana ce da za a tambaye su a kanta.

Don haka ina kira ga malaman jami'o'inmu da editoci da ɗalibai. Dattijon Chereponi da ya zauna ya ba ku tarihin garinsa, in ya yarda, ku rubuta sunansa, ku kai masa kwafin abin da kuka buga. Ɗalibin da ya yi aiki, ku sa shi cikin marubuta. Mujallar da ta yi muku alkawarin bugu cikin mako guda muddin kun biya, ku guje ta. Kada abin da ya sami Alhaji Umaru a hannun baƙi ya sami wani a hannunmu.