Hannu Ma Gona Ne

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano. Duk wanda ya san wajenmu ya san ba mu da daji. Gona na jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba, kuma ba wanda ke da halin barin tasa ta huta ko da damina guda. Abin da ke riƙe ƙasar shi ne taki. Tun da rani za ka ga jakuna da mangaloli suna kai shi, ana jibgewa tsibi-tsibi. Tun muna yara ake gaya mana cewa gonar da kake ci ba ka ba ta, wata rana ita za ta ci ka. Ban taɓa zaton wannan magana ta wuce gona ba sai a kan Baffana.

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma gidanmu gidan fawa ne, saboda haka dambe gado ne a wurinmu. Da zarar an yi kaka, an ɗaure gero an kai rumbu, sai ya ɗauki zarensa su shiga gari-gari da makaɗan kalangu, yau Bichi, gobe Kunci, jibi Kazaure. Ni ne ɗan riƙe masa riga. In ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, na fi kowa tsalle, har ina gaya wa yara wai saura kaɗan a yi masa waƙa irin wadda Ɗan Anace ya yi wa Shago.

Wata shekara ya dawo da hannun dama a kumbure kamar tulu. Mai ɗori ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Ka ajiye zare sai baɗi, in kana son hannunka." Bai yi kwana goma ba aka aiko daga wani gari cewa an tara jama'a, kuma sunansa aka yi shela da shi. Mahaifina ya hana. Makaɗa suka zo ƙofar gida suka fara zuga. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na durƙusa na ce, "Baffa, in ba ka je ba za a ce tsoro ka ji." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "To, ɗauko zaren." Ya je, ya yi kisa, aka yi masa liƙi. Haka ya yi ta shiga da ciwon har damina ta tsayar da wasa. Bayan shekara biyu yatsunsa ba su iya damƙe wuƙar fawa, balle ƙotar fartanya. Kuɗin liƙi kuwa ko akuya ba su bari ba.

Abin da ya tono mini wannan tsohon miki shi ne labarin wani mutumin Japan da na ci karo da shi a intanet, a ɗakin karatun jami'a. Sunansa Hiroshi Gondo, ɗan wasan besbol. Ga wanda bai san wasan ba, mutum guda ne ke tsayawa a tsakiyar fili yana jefa 'yar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, wani kuma na ƙoƙarin make ta da kulki. Majefin nan, kamar ɗan dambe, duk arzikinsa na hannu ɗaya.

Gondo ya shiga ƙungiyar Chunichi Dragons ta birnin Nagoya a 1961, yana da shekara 22. A shekararsa ta farko ya yi jifa a wasa 69 daga cikin 130, ya ci 35, ya yi zagayen jifa sama da 429. Don mai karatu ya gane nauyin abin, a yau da wuya majefi ya kai zagaye 200 a shekara. Har mutanen ƙasar suka mai da abin karin magana, wai ba abin da ke ba Gondo hutu sai ruwan sama. Da na karanta wannan sai na yi shiru, domin Baffa ma damina ce kaɗai ke kwance masa zare.

A 1962 Gondo ya ci wasa 30. A 1963 ya ci 10, a 1964 kuwa 6 kacal. Kafaɗa ta mutu. Aka gwada shi a wani gurbi na fili, abin bai yi armashi ba, ya ajiye wasa bayan kakar 1968. Wato dai shekara biyu aka ci moriyar ganga.

Amma inda labarinsu ya rabu shi ne darasin. Gondo ya koma koyar da majefa, ya riƙe cewa kafaɗa aba ce mai ƙarewa, dole a yi tattalinta. Da ya zama shugaban 'yan wasan Yokohama BayStars, sai ya riƙa raba aikin jifa tsakanin mutane da yawa. Masu ganin hutu ragwanci ne suka sha mamaki, domin a 1998 ƙungiyar ta ci kofin Japan, abin da rabonta da shi tun 1960. Ciwonsa ya zama magani ga na baya. Ciwon Baffa kuwa bai amfani kowa ba, don ba wanda ya tambaye shi abin da ya koya. Har gobe in ka leƙa gidan dambe za ka ga yaro na ɗaure kumburarren hannu, 'yan kallo na tafi.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ba cewa nake a bar dambe ba. Gadonmu ne, kuma ina alfahari da shi. Abin da nake cewa shi ne, mu da ke karatun likitanci da shari'a da motsa jiki, mene ne takin da za mu mayar wa waɗannan hannuwa? Likita a bakin fili, dokar hutu ga mai rauni, da ɗan asusun da zai riƙe mutum ranar da kalangu ya koma kan wani, duk ba su fi ƙarfinmu ba.

Da hutun da ya wuce na je gida, na tarar da Baffa a gindin darbejiya yana kai tuwo baki da hagu. Na ba shi labarin Gondo, sa'an nan na roƙe shi gafarar maganar da na yi masa ina yaro. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba kai ka kai ni ba, kiɗa ne. Amma shi mutumin naka ya fi ni sa'a, ya sami masu saurarensa." Na ɗauki fartanyarsa na nufi gonar, don ita ce kaɗai diyyar da zan iya biya.

Allah Ya ba mu ikon tattalin abin da muke ci da shi, amin.