Zaman Makoki da Filin Ƙwallo

A Zangon Lome, kamar sauran zangunan Hausawa, mutuwa takan tsayar da al'amura. A kan rufe shago, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa. Mai zuwa ya ce, "Yaya haƙuri?" a amsa masa da godiya. Ita kuwa ƙwallo al'adarta dabam ce: a yi shiru na minti ɗaya, a ɗaura baƙin ƙyalle a dantse, alƙalin wasa ya busa usur.

Al'adun nan biyu sun yi karo a shekarar 2010. Ranar 8 ga Janairu, 'yan bindigar ƙungiyar FLEC suka buɗe wa motar 'yan wasan Togo wuta a yankin Kabinda na Angola, kwana biyu kafin a soma gasar cin kofin Afirka. Mataimakin mai horarwa Amélété Abalo da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo suka rasu. Mai tsaron gida Kodjovi Obilalé ya sami mummunan rauni, har aka yaɗa cewa ya cika. Ya rayu, amma wasansa ya ƙare daga ranar.

Bayan firgicin farko, 'yan wasan sun nuna suna so su buga gasar don girmama mamatan. Suna da abin koyi. Lokacin da Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a filin Liyon ranar 26 ga Yuni, 2003, abokansa na Kamaru sun fito wasan ƙarshe da Faransa bayan kwana uku, da sunansa a bayan rigunansu. Ɗan wasa ba shi da abin da zai ba mamaci da ya wuce wasansa.

Gwamnatin Togo ta ga akasin haka. Ta aika da jirgi ya kwaso su, ta ayyana makokin kwana uku. Ba za a yi wa ɗan Zango dogon bayani ba a nan, domin gidan da ke da gawa ba ya kiɗa. Hukumar CAF kuwa ta kira matakin katsalandan, ta haramta wa Togo gasa biyu masu zuwa, kafin ta janye hukuncin a watan Mayu.

Kyaftin Emmanuel Adebayor ya ajiye rigar ƙasarsa a watan Afrilu, yana mai cewa abin da ya gani bai bar zuciyarsa ba. Sai a ƙarshen 2011 ya dawo. Minti ɗaya bai ishe shi ba, kwana uku ma ba su isa ba. Wataƙila shi ya sa mutanen Zango ba sa tsayawa kan sadakar uku. Sukan sake taruwa ran bakwai, su kuma koma ran arba'in, lokacin da jama'a suka watse, mai rashi ya soma jin girman abin da ya rasa.