Kunyar Ɗan Fari Ta Kusa Cinye Mini Ɗa

Kun saba karanta labaran soyayya daga alƙalamina, to yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Abu ne da ya faru a tsakar gidana a nan Shinkafi, kuma sai da na nemi izinin maigidana da yardar shi yaron kafin na rubuta.

Wata ranar Alhamis ce, ranar kasuwarmu, kowa ya fita sai ni kaɗai ina wanki. Na sa hannu a aljihun wandon makarantar ɗana na fari don kada in jiƙa masa takarda, sai na jawo katin ƙwaya an ɓalle shida saura huɗu, da guntun sigari a ƙulle cikin leda. Na karanta bayan katin, tiramadol ce, wadda yara ke ce wa tiramol. Wallahi ban san lokacin da na zauna daɓas a bakin rijiya ba. Yaro ɗan shekara 15, wanda ba ya wuce sallar jam'i!

Bari in faɗa muku laifina tun kafin in faɗi na kowa. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi ya ci sunan surukina, kunya ta zama biyu. Daga "kai" sai "wancan". In ya shigo ɗaki in kau da kai, in ya yi magana in ce ya je ya faɗa wa kakarsa. Dangi suna ta yabona, wai ga mai kara, ga 'yar mutunci. Ni da nake zama in rubuta abin da ke cikin zuciyar saurayi da budurwa shafi ɗari biyu, ban taɓa yin hirar minti goma da ɗan da na haifa ba.

Da farko na yi niyyar in jira babansa ya dawo in miƙa masa katin, na kuma san dorina ce za ta yi aiki. Sai na tuna ɗan wata maƙwabciyarmu da aka ɗaure a turke aka yi masa dukan kawo wuƙa saboda sholisho. Washegari ya bar gida ya koma kwana a tasha. Mu kuwa mutanen Shinkafi da Zurmi mun san inda yaron da ya rasa gida yake ƙarewa a wannan zamani, mun san su wa ke jiransa a daji da ƙwaya da bindiga.

Sai na kira Yayata da ke aikin jinya a Ƙaura Namoda ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke, share hawayenki in tambaye ki. Mi ne sunan babban abokinai? Ina shika zuwa bayan Magariba? Nawa ubanai ka ba shi in za shi makaranta?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ta ce, "To kin gani. Mai sai da ƙwaya ya san sunan ɗanki, ke ba ki iya faɗinai."

Maganar nan ta fi mari zafi, amma gaskiya ce. Mu mata mun ɗauka tunda aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a watan Oktoba na 1999 aka rufe gidajen giya, shi ke nan 'ya'yanmu sun tsira. Ashe abin ya sake kama ne, ya koma kwalbar maganin tari da katin ƙwaya da ake sawa a aljihu. A 2018, bayan binciken da BBC ta nuna kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tun 2015 akwai dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigari, ta kuma hana sayar da ita kara ɗai-ɗai. Hukumar NDLEA tun 1989 aka kafa ta, tana ta kame. Duk da haka binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi shaye-shaye cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Don haka ke mai 'ya'ya mata kada ki ce babu ruwanki. Doka tana rufe shago, amma ba ta shiga ɗakin samari da dare, ba ta bin budurwa gidan biki.

Yaya ce ta fara ba ni labarin wai a wasu ƙasashe har makaranta ake yi wa iyaye. Na yi dariya, na ce yanzu haihuwa ma sai an koya wa mutum? Ta ce haihuwa daban, reno daban. A jihar Iowa ta Amurka akwai shirin da ake tara iyaye da 'ya'yansu 'yan shekara 10 zuwa 14, sau ɗaya a mako har mako bakwai. Sa'ar farko iyaye suna ɗaki guda ana koya musu yadda za su saurari yaro, su kafa masa doka, su yaba masa in ya yi daidai. Yara suna wani ɗakin ana koya musu yadda za su ce a'a in aboki ya miƙo musu sigari. Sa'a ta biyu sai a haɗa su wuri ɗaya su gwada. A ƙasar Ayislan kuwa iyaye suka haɗa kai: a san abokan yaro, a san inda yake, a yawaita zama da shi, kada ya kai dare a waje. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun bugu da giya cikin wata guda, zuwa 2016 sun koma kashi 5. Masu shan sigari kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa kashi 3.

Da na duba, babu abin da ya saɓa wa addininmu a ciki. Wasiyyar Luƙman ga ɗansa da muke karantawa a Islamiyya ai hira ce tsakanin uba da ɗa, cikin taushin murya.

Daren nan na roƙi maigida ya ajiye dorina, ya ba ni mako biyu. Da ƙyar ya yarda. Na dama fura na kira yaron ɗakina, na kira shi da sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kamar ya ga baƙuwa. Na ajiye katin a gabansa na ce, "Ba dukanka za a yi ba, faɗa mini yadda aka yi." Ya daɗe yana kuka kafin ya yi magana. Ashe in an tashi makaranta dako yake yi a kasuwa don ya sayi waya irin ta abokansa, wani babba a cikinsu ya ce in ya sha ba zai ji gajiya ba. Wata huɗu ke nan, ni ina gida ina kunya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce a dare ɗaya ya daina ba. Mun kai shi wurin likita, domin ƙwayar nan in jiki ya saba da ita ba a yanke ta kai tsaye, in an sha da yawa kuma har jijjiga take sawa kamar farfaɗiya. Sau ɗaya ya koma, muka sake zama. Yanzu babansa da shi yake cin tuwon dare a kwano ɗaya. Abokansa a zaurenmu suke hira, na san sunayensu, na san iyayensu mata. Mu shida a unguwa muka yi alkawari, duk wadda ta ga ɗan wata a inda bai dace ba ta faɗa mata, babu fushi babu gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa ake yi.

'Yar'uwa, ban ce ki zubar da kunya ba, ado ce ga mace. A gaban surukai har gobe ba na kama sunansa. Amma in kun shiga ɗaki daga ke sai shi, ki kira shi, ki tambaye shi yadda ya wuni, ki yi shiru ki ji amsa. Ki fara tun yana ɗan shekara goma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ki jira sai ranar wanki irin tawa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.