Kajiji: Ƙamshin Da Ke Kwance Cikin Taɓon Fadamar Nguru

Duk wanda ya bar Haɗeja ya doshi Nguru bayan ɗaukewar damina zai ga ƙasa ta sake kama tun bai yi nisa ba. Gonakin gero sukan ja da baya, sai shinkafa da jiragen masunta da shanu tsaye cikin ruwa iya gwiwa. Nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi.

A bakin waɗannan ruwaye akwai wani tsiro da matafiyi kan wuce bai ko dube shi ba, alhali kuwa mai yiwuwa ƙamshinsa na cikin ɗakin maiɗakinsa. Shi ne kajiji. Dangin aya ne da jiji, amma ya fita daban, domin su karansu kusurwa uku gare shi, nasa kuwa mulmulalle ne, kore shar, ba ganye sai ɗan kube a gindi. Tsawonsa yakan wuce mita 1. In mutum ya ja busasshen karan tsakanin yatsunsa zai ji gaɓa-gaɓa, watau 'yan shamaki ne da suka raba cikinsa ɗaki-ɗaki. Ta cikin karan nan iska ke sauka zuwa ga saiwar da ke nutse a taɓo, shi ya sa ruwa ba ya shaƙe ta.

To, saiwar ita ce dukiyar. Takan yi rarrafe ƙarƙashin ƙasa tana ƙulli-ƙulli, tana fid da sababbin karare. In ruwa ya janye kara ya bushe, ita tana nan da ranta, tana jiran ambaliyar baɗi. Ita ake haƙowa a wanke, a shanya, a kai kasuwa. Matan Barno, waɗanda ba a ja da su a sha'anin turaren wuta, sun san darajarta ƙwarai da gaske. Har a ƙasar Barazil ana sa ta cikin turare, can suna kiranta priprioca.

Sai dai rayuwar wannan fadama ta dogara ne ga ruwan da zai zo ya kuma tafi a kan kari. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, wannan tsari ya rikice. Wasu fadamun ambaliya ba ta kai musu kamar da, wasu kuwa ruwan ba ya barinsu rani da damina. Irin wannan ruwa na dindindin shi kachalla ke so, ga ta da tsawo fiye da mutum, in ta kafu ba ta barin ƙananan tsirrai su ga rana. Ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin Marma, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan baki masu ɓarnar hatsi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye, amma har yau mutanen ƙauyukan bakin ruwa sukan shiga da lauje su sassare kachalla kafin jirgi ya sami hanya.