Baƙar Taga a Shagon Hajiya

A layin masu atamfa na Kasuwar Makola, a birnin Akra, akwai wata hajiya da ke tasowa daga Nima kowace safiya. Rabin cinikinta bashi ne: telolin Nima da Maamobi su ɗauki turmi biyu ko uku, sai bayan salla su biya. Shekara da shekaru littafi ne ke riƙe mata lissafin, har ɗan ƙanenta, ɗalibin kwamfuta, ya rubuta mata 'yar manhaja da harshen Python: gurbin suna, gurbin sidi, da maɓallin ajiyewa. Ya haɗa mata da fayil mai ƙarewa da .bat, irin wanda Windows ke bin umarnin cikinsa layi bayan layi. Ta danna sau biyu, manhaja ta buɗe.

Sai dai ba ita kaɗai take buɗewa ba. A bayanta wata baƙar taga ce ke tsaye, ba komai cikinta sai rubutu kaɗan da ɗigo mai ƙiftawa. Hajiya "baƙin taga" take ce mata, domin Hausar zangunan Gana ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba. Ran jajibirin salla, ciniki ya kankama, tagar ta tsone mata ido, ta kai hannu ta rufe ta. Manhajar ta bi ta, ta tafi da bashin mutum tara da ba a riga an ajiye ba.

"Goggo, ai ba a rufe wannan," in ji yaron da yamma.

"To, me ya sa ka bar min ita a gabana?"

Gaskiya tana wajenta. Shirin python.exe a cikin wannan tagar yake rayuwa. In an rufe ta, ya mutu. Amma yana da ɗan'uwa, pythonw.exe, wanda ba ya bukatarta. Yaron ya mayar da layin haka:

start "" pythonw.exe bashi.pyw

Umarnin start yana tayar da manhajar ya sake ta, fayil ɗin ya gama aikinsa, taga ta rufe kanta. Waɗancan alamomin zance guda biyu da ba komai tsakaninsu kuwa ba ado ba ne. Abu na farko da start ya gani cikin alamar zance, sunan taga yake ɗaukarsa. Da farko yaron ya rubuta cikakken adireshin pythonw.exe cikin alamar zance ba tare da su ba, abin ya ƙi, ya kai tsakar dare yana neman dalili. Ko bayan gyaran, tagar takan ɗan gifta kamar walƙiya, tunda kowane fayil na .bat sai da ita yake tashi. A ƙarshe ya yi wa Hajiya gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta mai kiran pythonw.exe kai tsaye.

Mako uku bayan haka ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru, ga tela tsaye da kuɗi a hannu yana tambayar nawa ya rage masa. Tagar da aka kora ita ce bakin da manhajar ke faɗin ciwonta da shi, pythonw.exe ba shi da inda zai rubuta kuskure, sai ya faɗi ba ko tari. Dole yaron ya buɗe baƙar tagar da hannunsa, ya tayar da manhajar da python.exe, nan take layin ƙarshe ya tona asiri: an sauya wa jakar da fayil ɗin lissafi yake ciki suna.

A daren ya sa manhajar ta riƙa ajiye kowane bashi da zarar an shigar da shi, ta rubuta duk wani kuskure a fayil na daban, ta kuma fito da saƙo da Hausa in wani abu ya lalace. Telan dai daga tsohon littafi aka duba masa nasa, don Hajiya ba ta taɓa fitar da shi daga ƙarƙashin tebur ba.