Lambun Inna

A bayan wani gida a Bawku akwai ɗan lambu da bai kai rabin filin ƙwallo ba. Wata tsohuwa ce ta yi shi, wadda kowa a unguwa da ikilisiya yake kira Inna. Haifaffiyar Salaga ce, garin fataken goro da rijiyoyi masu yawa, inda yarinya take koyon tattalin ruwa tun kafin ta iya daka. Aure ne ya kai ta Bawku.

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, sai Inna ta kewaye wurin da karan dawa saboda awaki. Ta yafa irin albasa, ta dasa tumatir da barkono, ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo a gefe. Safe da yamma tana ban ruwa da ƙwarya daga wata 'yar rijiya. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar Bawku, gama albasarta sananniya ce har Kumasi. Abin da ya bambanta Inna da maƙwabta shi ne abin da take yi in amfani ya nuna.

Kayan lambu ba su da haƙuri. Tumatir yakan nuna gaba ɗaya, na kowa da kowa, a Fabrairu. Kasuwa ta cika, kwandon da ake rububinsa a Disamba ya zama abin roƙon mai saye. Wanda bai sayar yau ba, jibi sai ya zubar. Inna kuwa kaɗan take kaiwa kasuwa. Sauran sai ta tsaga shi biyu, ta baza a tabarma bisa rufin ɗaki, iskar hunturu ta mai da shi kauɗa. Kuɓewa tun tana 'yar ƙarama take yanka ta, domin in ta ƙosa ba ta yauƙi. Ganye a inuwa take shanyawa, don rana takan ƙone launinsa. Ko lawashin albasa, da wasu ke bar wa tumaki, sai ta kirɓa shi ta dunƙula gabu. Ta zuba kowanne a tukunyarsa, ta rufe da faifai.

Ba kowa ne yake ganin darajar wannan ba. A bikin godiyar kaka na 1993, mutane suka kawo doya da zabi da buhunan gyaɗa gaban bagade. Inna ta kawo ƙullin kauɗa da busasshiyar kuɓewa. Da aka zo gwanjo, samari suka yi ta dariya, da ƙyar aka sami mai tayawa. Abin kunya ne a faɗa, amma har da dattawa a masu murmushin.

'Yarta ta fari, wadda take aure a Yendi, ita ma ta sha faɗa mata. "Inna, ki huta mana. Ga tumatir na gwangwani a kanti." Inna sai ta ce, "'Yar nan, na ga 1983." Ba ta ƙara komai. Wanda ya ga farin wannan shekara da gobarar daji ya san abin da take nufi.

A Fabrairu 1994 yaƙi ya ɓarke a yankin Bimbila, ya bazu zuwa Yendi da Salaga. Aka ƙone ƙauyuka, hanyoyi suka rufe. Bayan kwanaki 'yar ta iso Bawku da yara huɗu da surukarta, ba ko tukunya. Ikilisiya ta tara musu dawa, maƙwabta Musulmi suka kawo gero. Amma mai taimako hatsi yake kawowa, ba ya kawo miya, kuma yaro ba ya haɗiye tuwo gaya. A nan ne Inna ta fara buɗe tukwanenta ɗaya bayan ɗaya. Yau kuɓewa da daddawa, gobe yakuwa da ɗan gyaɗa, jibi kauɗa da gabu. Tana aunawa da tafin hannu, ba ta yarda kowa ya ɗiba sai ita. Rijiyar ta ƙafe a Afrilu, lambu ya bushe ƙurmus, tukwane ba su ƙare ba sai da sabon ganye ya fito a Yuni.

Da hankali ya kwanta 'yar ta koma Yendi. Ta tafi da irin kuɓewa a cikin kwalba, an gauraya shi da toka saboda ƙwari, da tabarma ɗaya daga cikin na shanya. Inna ta ce aro ta ba ta.