Notin da ya ƙi juyawa

A ƙarƙashin kowace mota akwai wani ɗan noti da ke toshe gindin tukunyar baƙin mai, wadda makanikanmu na Maradi ke kira karter. Kansa bai kai faɗin tsabar dala goma ba, amma ranar da ya kafe, direban da ya shigo gareji don canjin mai na minti ashirin sai ya wuni a can, kuɗin cefanen ranar kuma sun tafi.

Mutane kan ɗora wa tsatsa laifi. Ni ban yarda ba. Abin da ke kwana yana tashi cikin mai, ina tsatsa za ta kama shi? Hannun da ya ɗaure shi a canjin da ya wuce, shi ne mai laifi. Yaron gareji yana tsoron mai ya ɗiga maigida ya yi masa faɗa, sai ya zura bututu a kan kile ya ja iya ƙarfinsa. Alhali a Toyota Corolla irin tawa, ɗaurin da ake so bai wuce wajen niyutan-mita 40 ba, wato jan hannu ɗaya mai kyau. Abin da ke hana yoyo ɗan zoben nan ne na tagulla ko alminiyam da ke lanƙwashewa tsakanin noti da tukunya. Sau ɗaya ake amfani da shi. In aka mayar da tsoho zai yi ɗigo, sai a ƙara ɗaurewa, gobe kuma a ƙara.

Kwancewar ba ta son gaggawa. A bar inji ya yi aiki ƴan mintuna, ya yi ɗumi amma kada ya kai ga ƙona hannu. A nemo kile mai kusurwa shida wanda ya rungume kan notin daidai: lamba 14 ga yawancin Toyota, tsofaffin Peugeot kuwa ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 8 ake zura musu. Kile mai buɗaɗɗen baki shi ke cinye kusurwoyi har kan ya koma kamar ƙwallon goruba. Sannan a tabbatar da wajen juyi, domin wanda ke kwance rigingine a ƙarƙashin mota yakan rikice, yana ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. In kana fuskantar kan notin, saɓanin tafiyar hannun agogo ne. Bugu ɗaya mai kaifi da tafin hannu a ƙarshen dogon kile ya fi ja da nishi.

In kan ya riga ya lalace, akwai masu buga ƙaramin kile da guduma ya cije, akwai masu kiran mai walda ya liƙa wani noti a kai. Walda a jikin tukunya cike da mai, ban taɓa tsayawa kusa ba. Gara a zuƙe man ta ramin sandar awo, a bar notin sai an samu natsuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haƙoran ramin su zube, musamman a tukunyar alminiyam. Daga nan sai sabon yanka da noti mafi kauri, ko sayen wata tukunya. Shi ya sa nake ajiye sababbin zobba a aljihun mota. In an zo mayar da noti nakan durƙusa kusa da yaron, in miƙa masa ɗaya, in ce: "Ƙanena, fara da yatsu tukuna, kuma ajiye bututun nan."